ZARE: "Falsafar harshe? To me za ka ci da ita?"

1/
Duk lokacin cike JAMB sai an maimaita abu ɗaya a gidajenmu. Yaro daga Roni ko yarinya daga Gwiwa su ce suna son karanta Hausa, ko kimiyyar harshe, ko falsafa, har su zama malaman jami'a. Sai gida ya kwashe da dariya: "Hausar da ka sha a nono?" Yau da masu wannan dariyar nake. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/
Suka uku ake yi wa wannan karatu. Wasu su ce surutu ne kawai, ba ya tsinana komai. Wasu su ce falsafa hanyar barin addini ce. Wasu su ce ba kuɗi a ciki. Na ukun ne kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, kuma zan zo kansa. Biyun farko kam rashin sanin gida ne.

3/
Mece ce falsafar harshe? Tambayoyi ne irin waɗannan: ta yaya sautin da ya fito daga baki yake ɗaukar ma'ana? Ma'anar tana cikin kalmar ne, ko cikin niyyar mai faɗa, ko cikin fahimtar mai ji? Yaushe magana take tashi daga labari ta zama aiki? In ka ce wannan surutu ne, zo mu leƙa kotun shari'a.

4/
Miji ya fusata ya ce wa matarsa "tafi gidanku". Ta tafi. Iyayenta sun ce saki ne, shi ya ce ba haka yake nufi ba. Ga yara a tsakani. Aure zai tsaya ko zai mutu a kan tambaya guda: me waɗannan kalmomi biyu suka aikata? Wannan shari'a ana yin irinta a Kazaure, ana yi a Babura, ana yi ko'ina.

5/
Malaman Malikiyya sun daɗe da tsefe wannan. Akwai lafazi sarihi, wanda ba ya jiran a tambayi niyya. Akwai kinaya bayyananna. Akwai kinaya ɓoyayya, wadda sai an koma ga abin da mutum ya ƙudurta. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan na malamai ne. Nuna muku nake cewa fiƙihun da ke zaurenmu yana tsaye ne a kan nazarin ma'ana.

6/
A balaga kuma an raba magana biyu: habari da insha'i. Habari shi ne zancen da za a iya ce masa gaskiya ko ƙarya, kamar "an yi ruwa a Gwiwa". Insha'i shi ne wanda faɗarsa ita ce aikin: "na sayar", "na ba ka aurenta", "na karɓa". Ba wanda zai ce wa waliyyi "ƙarya ne". Da ya faɗa, an ɗaura.

7/
Wani Bature ɗan Ingila, J. L. Austin na Jami'ar Oxford, ya yi laccoci a Harvard a 1955 a kan irin wannan rabe-rabe. Aka buga su littafi a 1962, kuma har gobe ana koyar da shi a sassan falsafa na duniya. Shi an kira shi babban masani. Ɗalibin zaure da ya haddace habari da insha'i tun yana saurayi, me muke kiransa?

8/
Mu bar aure, mu shiga siyasa, tunda ita kuka fi so. Zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979. Doka ta ce mai nasara sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. To, nawa ne biyu bisa uku na 19?

9/
Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. A ta 13, wato jihar Kano, ya sami kashi 19.94 cikin ɗari. Awolowo ya ce ba a tsaga jiha, dole a cika 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku na jiha ɗaya. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya.

10/
Ku tuna fa, sai 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. A 1979 Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa duk jihar Kano ce. Ƙuri'un iyayenmu da kakanninmu suna cikin waɗanda aka yi wa wancan lissafi. Kujerar shugaban Najeriya ta rataya a kan ma'anar kalmar "jiha": ƙasa ce, ko jimillar ƙuri'u?

11/
An sake a 2023. Sashe na 134 na tsarin mulki ya ambaci kashi biyu bisa uku na jihohi "da" Abuja. Shin Abuja sharaɗi ce ta daban, ko ana lissafa ta cikin jihohin? Manyan lauyoyi suka yi watanni a kan kalma mai harafi uku a Turanci. Sai 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce Abuja kamar jiha take.

12/
Ko ka ji daɗin hukunce-hukuncen nan ko ba ka ji ba, oho, ba shi ne gabana ba. Sau biyu mulkin ƙasar nan ya tsaya a kan tambayar "me wannan jimla take nufi". Amma ɗanka ya ce zai ƙware a kan wannan tambaya, ka ce ya nemi abin yi. Haba Alhaji.

13/
Yanzu masu cewa falsafa kafirci ce. Ina girmama tsoronku, don akwai abin tsoro a kowane fanni in mutum ya shiga ba jagora. Amma ɗan'uwa, littafin farko da aka ɗora maka a fiƙihu wane ne? Ahalari. Wa ya rubuta shi? Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16.

14/
To shi wannan Akhdarin shi ne ya rubuta Sullam, waƙen manɗiƙi da ake karantawa a zaurukan ilimi. Shi ne kuma mai Jauharul Maknun a balaga. A cikin Sullam akwai bayanin hanyoyi uku da lafazi ke nuna ma'ana: ya nuna ta dukkanta, ko wani yanki nata, ko abin da ba ya rabuwa da ita. Tsantsar falsafar harshe.

15/
Ka amince da mutum ya koya maka alwala da ƙabli da ba'adi, amma da ya zo koya maka yadda kalma ke nuna ma'ana sai ka ce ya kauce? Sai ka zaɓi ɗaya.

16/
Gardamar nan ma tsohuwa ce. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi. Suyuɗi yana hani, Magili yana karewa, har ya yi nasa waƙen a fannin. Manyan malamai biyu sun saɓa, da alƙalami suka yi ta.

17/
Shi kansa Suyuɗin da ke hani, buɗe littafinsa Muzhir. Tun a farko yana tattauna ko harshe Allah ne ya sanar da shi kai tsaye, ko mutane ne suka yi ittifaƙi a kai. Ita ce ɗaya daga tsofaffin tambayoyin wannan fanni. Imam Gazali ma da ya ragargaji masu falsafa, da muƙaddimar manɗiƙi ya buɗe Mustasfa, littafinsa na usulu.

18/
A gida kuwa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar Bahrul Muhiɗ a nahawu, baiti sama da 4,000, da Hisnur Rasin a sarfu. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a manɗiƙi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864, ya rubuta littattafai a falsafa.

19/
Yaron da ya ce zai bi wannan layi gādo ya nema. Mu ne muka yar da shi, sannan in Turawa sun kawo mana irinsa da sabon suna sai mu ce baƙon abu ne. Malamai irin su Souleymane Bachir Diagne, ɗan Senegal da ya koyar a Jami'ar Columbia ta Amurka, da wannan gadon na Afirka ta Yamma suka yi suna.

20/
Wani zai ce to ai wancan da Larabci aka yi, ita Hausa me za a samu a ciki? Yawwa, nan nake jira. Ga misali. Da magariba muna ganin Zara matar wata. Da asuba muna ganin Gamzaki. Suna biyu, lokaci biyu. Amma abu ɗaya ne a sama, duniyar da Larabawa ke kira Zuhura.

21/
In na ce "Zara ita ce Zara", ban gaya maka komai ba. In na ce "Zara ita ce Gamzaki", na ba ka labari. Me ya sa, alhali duk abu ɗaya suke nunawa? Da wannan misali na tauraron safe da na yamma Gottlob Frege, Bajamushe, ya raba ma'ana da abin da ake nuni gare shi a 1892. Daga nan fannin na zamani ya tashi.

22/
Ga wani. Masanan Turai sun sha fama kafin su rarrabe ayyukan da kalmarsu ta "is" take yi: samuwar abu, da zamansa wani abu, da inda yake. Bahaushe ya raba tun a baki. "Akwai ruwa." "Audu malami ne." "Audu yana Roni." To da a Hausa aka fara falsafa, waɗanne ruɗani ne ba za su taso ba, waɗanne sababbi ne za su taso?

23/
Ko kalmar "gaskiya". Zance ya zama gaskiya. Mutum ya zama mai gaskiya. A rigima a ce kai ke da gaskiya. A imani a ce ka ba da gaskiya. Abu ɗaya ne ko huɗu? Ko "ji": ka ji ƙara, ka ji wari, ka ji zafi, ka ji Hausa, kana jin zai zo. Kowace ɗaya nan digiri na uku ce zaune.

24/
Ko "wai". Harafi uku, amma da ita kake isar da zance kana zare hannunka daga alhakinsa. Rabin ƙaryar da ke yawo a WhatsApp a kan "wai" take hawa. Wanda ya tura "wai an ce" ya yi ƙarya ko bai yi ba? Akwai hakki a kansa? Tambaya ce ta harshe, ta shari'a, ta tarbiyya, duk a haɗe.

25/
Maƙwabtanmu sun yi nasu. Barry Hallen da J. O. Sodipo sun fitar da littafi a 1986 da ya auna bambancin sani da yarda a Yarabanci, ta hanyar zama da masu maganin gargajiya. Kwasi Wiredu na Ghana ya yi haka da kalmar gaskiya a harshen Akan. Sophie Oluwole ta yi digiri na uku a falsafa a Ibadan a 1984.

26/
Mu fa? Rubutun da aka fi ambato a kan ma'anar "mutumin kirki" a Hausa na Anthony Kirk-Greene ne, 1974. Babban ƙamusunmu na Bargery ne, 1934. Littafin nahawun da duniya ke komawa gare shi na Paul Newman ne, 2000. Sun yi aiki, a yaba musu. Amma mu masu harshen muna ina, muna yi wa 'ya'yanmu dariya?

27/
Ban manta da namu ba. Farfesa Galadanci ya fitar da nahawunsa a 1976. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Hausa a Rubuce a 1988. Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006. A Kano da Zariya da Sakkwato ana rubuta kundin digiri na uku da Hausa. Harsashi kam an zuba.

28/
Sai dai malamanmu na jami'a, da girmamawa, ku ma da naku kason. Furojet nawa ne takensu ya ƙare da "a waƙoƙin wane"? A tattaro karin magana, a jera, a rarraba gida-gida, a rufe. Tattarawa aiki ne mai kyau. Amma yaushe ɗalibi zai kafa hujja, ya ce ra'ayin wane kuskure ne, ga dalilina, kuma a ba shi maki?

29/
In sufabaiza ya ɗauki saɓa masa a matsayin rashin kunya, ba za a taɓa samun masanin falsafa a hannunsa ba. Magili bai ce Suyuɗi ya girme shi a suna don haka ya yi shiru ba. Ladabi daban, miƙa wuya daban. Kwas ɗin GST na falsafa da manɗiƙi ma haddar handawut ake a zubar bayan jarrabawa.

30/
Sai masu cewa zamanin kwamfuta ne, a bar zancen harshe. Yankinmu ya yi sa'a a nan: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Informatics da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka amince da ita a 2021. Alhamdu lillahi. Amma daga ina kwamfutar ta fito?

31/
Fregen nan na Zara da Gamzaki shi ne ya shimfiɗa manɗiƙin zamani a 1879. A kan wannan layi Alan Turing ya yi aikinsa na 1936 da ya zama tushen ilimin kwamfuta. Rabe-raben nahawu da Noam Chomsky ya yi a 1956 har yau ana koya wa masu ƙera harsunan kwamfuta. Masu "surutu" ne suka share wa injiniya fili.

32/
Kuma Hausa ta shiga na'ura. Google Translate ya ɗauke ta tun 2013. To gwada: gari na Babura ko gari na masara? Kuka na yaro ko na miya? Wuya na jiki ko na wahala? A baki karin sauti da tsawon wasali suna rabawa, a rubutu ba ma sa alama. Sai muhallin magana. Wa zai koya wa na'ura muhalli?

33/
Wannan ma mai sauƙi ne. "Ka kyauta." Godiya ce ko barazana? "Sannu da ƙoƙari." Yabo ne ko gatse? Habaici fa, wanda ba a kama suna amma duk unguwa ta san da wa ake? Paul Grice ya yi suna a 1975 da nazarin yadda ake nufin abin da ba a furta ba. Kishiyoyi a gidajenmu sun fi shi ƙwarewa a aikace.

34/
Kamfanonin da ke tace kalaman ƙiyayya a Facebook da sauransu suna buƙatar wanda zai bambance zambo da tunzura jama'a. Matasa irin 'yan HausaNLP sun fara tattara bayanai don na'ura. Mai rubuta manhaja shi kaɗai ba zai iya ba. In ba mu fitar da masanan ma'ana ba, wasu ne daga nesa za su yanke abin da kalmominmu ke nufi.

35/
To, maganar kuɗi. Ba zan yaudare ku ba, ƙannena. Hanyar doguwa ce: digiri na farko shekara huɗu, bautar ƙasa, digiri na biyu, na uku. Ka fara daga mataimakin lakcara, ka hau mataki-mataki, kowanne sai da rubuce-rubucen da aka buga. A 2022 ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas, aka riƙe albashi.

36/
Wanda burinsa ya yi gini a GRA kafin ya kai talatin, ya nemi wata hanya, ba laifi. Amma ku lura: wannan wahalar ta lakcaran kimiyyar sinadarai ce, ta lakcaran injiniya ce, ta kowa ce. Ba wanda ke ce wa ɗansa kada ya koyar da lissafi saboda ASUU. Me ya sa sai mai harshe ake tuna wa talauci?

37/
Kuma a daina yi mana kamar sauran kwasa-kwasan suna raba aiki a bakin get. Ku ƙirga masu HND da digirin "kwas mai kyau" da ke zaune a majalisun Kazaure. Wanda aka tilasta wa kwas ya fito da sakamako mai rauni, da wanda ya bi abin da yake so ya fito zakara, wa ya fi kusa da abinci?

38/
Ga mai son shiga, shawarata. Kada ka saki Larabci, nan rabin gadon yake. Ka zauna gaban malamin zaure ka karanta balaga da usulu da Sullam. Ka gyara Turancinka har ka iya karanta Austin da Wittgenstein da kanka. Ka koyi manɗiƙin zamani da ɗan rubuta manhaja. In kana jin Fulatanci, ka riƙe shi da kyau, ma'auni na biyu ne.

39/
Sannan ka riƙa rubutu da Hausa, rubutun hujja. Ɗauki kalma ɗaya, kamar "amana" ko "alkunya", ka tambayi tsofaffi yadda suke amfani da ita, ka nemo inda bayaninka ya karye, ka gyara. Me ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, amma kowa ya san wanda take nufi? Fara daga nan.

40/
Ga masu hali na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa: kuna biya wa yara likitanci da injiniya, Allah ya saka. Ku ƙara mutum ɗaya tak a kowace ƙaramar hukuma, ku ɗauke shi har digiri na uku a harshe da manɗiƙi. Makarantunmu na fasaha kuma su ba nazarin ma'ana gurbi na gaske kusa da ɗakin kwamfuta.

41/
Iyaye kuma, kafin ku yi dariyar nan ta bana, ku tambayi yaron me ya gani a ciki, ku saurare shi minti goma. In hujjarsa ba ta da ƙarfi, ku karya ta da hujja. Mai ja da ni ma ga fili a ƙasa, a zo da dalili, ban da zagi. Wanda ke da ƙane ko ƙanwa mai cike JAMB bana, ya tura masa zaren nan.